Kilimanjaro: me ake zuwa gani, kuma wanda bai taɓa hawa dutse ba zai iya?

Mai tambaya yana shirin zuwa gandun dajin Kilimanjaro da ke arewacin Tanzaniya. Yana so ya san abin da ya bambanta wurin da sauran duwatsu har mutane suke tururuwa zuwa can, sannan ko mutum irinsa, wanda bai taɓa hawa wani babban dutse ba, zai iya kaiwa ƙololuwa.

Za ka iya, Malam, in kana da lafiya kuma ka ba dutsen kwanakin da yake buƙata. Tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce. Abin da ya ɗaukaka Kilimanjaro shi ne dutse ne mai tsayin mita 5,895, mafi tsayi a Afirka, amma da ƙafa kawai ake hawansa, ba igiya, ba ƙugiya, ba wani horo na musamman. Wannan sauƙin kuma shi ne yake kayar da mutane, domin ƙafa tana iya kai mutum sama da saurin da jininsa da huhunsa ba su shirya masa ba.

Bari in fara da siffarsa. Manyan duwatsun duniya galibi a jere suke, wani na jingine da wani, kamar na Himalaya. Kilimanjaro shi kaɗai yake tsaye a fili. Garin Moshi da ke gindinsa yana kan tsayin kusan mita 900 ne daga teku, ka ga ke nan daga titin garin zuwa kan dutsen akwai tashi na kusan mita 5,000. Aman wuta ne ya gina shi, kuma kawuna uku gare shi: Shira a yamma, wanda ya rufta ya zama shimfiɗaɗɗen tudu, Mawenzi a gabas, mai tsayin mita 5,149, duk tsini-tsini, wanda sai ƙwararru da igiya, sai Kibo a tsakiya, mai farin kai, wanda ake gani a hotuna. Shira da Mawenzi sun mutu. Kibo barci yake yi, har yanzu akwai inda tururi mai warin ƙibiritu ke fita a cikin raminsa. An kafa gandun a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1987, sannan a 2005 aka faɗaɗa iyakarsa ta haɗe kurmin da ya kewaye dutsen.

Tsayuwar nan tasa shi kaɗai, kusa da layin ikwaita, ita ce ta haifar da abin da nake ganin ya fi ƙololuwar kanta daraja. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Saboda haka cikin mako guda za ka ratsa yanayi iri-iri da a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ka yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ka gamu da su.

Tun kafin ƙofar gandun, mota za ta bi da kai ta gonakin Chagga, mutanen da suka daɗe suna zaune a gangaren kudu. Gonarsu hawa-hawa ce: dogayen itatuwa a sama, ayaba a ƙarƙashinsu, gahawa a inuwar ayabar, kayan lambu a ƙasa, ga ƙananan magudanan ruwa da suka janyo daga rafukan dutsen tun kafin zuwan Turawa. Daga wajen mita 1,800 kurmi ya fara. Duhu, laima, taɓo, gansakuka ta lulluɓe kowane reshe. A nan ake ganin birin kolobas, baƙi da fari mai doguwar jela kamar an yi masa tunti, yana tsalle a saman itatuwa. Iskar da ke tasowa daga Tekun Indiya tana cin karo da dutsen ta kudu maso gabas, ta zubar da ruwanta a wannan kurmin, shi ya sa gefen kudu ya fi na arewa jiƙa nesa ba kusa ba. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙarar kan dutsen ce take shayar da ƙasar da ke ƙasa. Ba haka ba ne. Kurmin nan ne tukunyar ruwan. Shi ke ciyar da rafukan da ke gangarawa kogin Pangani, wanda ake noma da shi, ake kuma samar da wutar lantarki. Shi ya sa gobara irin wadda ta tashi a dutsen a Oktoban 2020 ta fi tayar wa mazauna wurin hankali fiye da labarin narkewar ƙanƙara.

Wajen mita 2,800 zuwa 3,000 itatuwa suna gajarcewa, sai ka fita fili, ka waiwaya ka ga gajimare a ƙarƙashinka. Nan ne na fi so mutum ya rage sauri ya duba. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Olov Hedberg, ya kwatanta yanayin irin wannan tsayi a duwatsun Gabashin Afirka da cewa kowace rana bazara ce, kowane dare kuma hunturu. Da rana hantsi yana ƙona fata, da dare ƙasa ta daskare. Tsiron da zai rayu a haka sai ya yi dabara. Dubi senesiyo, wanda ya cika kwarin Barranco: kututture ne da yakan ninka tsayin mutum, da curin ganye a kansa. Matsa kusa ka ga jikinsa. Ganyen da ya bushe ba ya faɗuwa, yana nan maƙale, shekara bisa shekara, ya yi wa kututturen kauri, ya hana ruwan da ke ciki daskarewa. In ka tura yatsa cikin busasshen ganyen da sassafe za ka ji bambancinsa da iskar waje. Kusa da shi akwai lobeliya, wadda take tara ruwa a tsakiyar ganyenta, da yamma kuma ta rufe ganyen a kan tohonta, ta buɗe in rana ta fito. Irin senesiyon da ke nan ba ya tsirowa a daji a ko'ina sai a dutsen nan.

Daga mita 4,000 sai hamada: tsakuwa, toka, baƙaƙen duwatsu, iska. Abin da ke motsi bai wuce hankaka mai farin wuya da ke shawagi a zango yana jiran wani ya ajiye abinci, da ƙananan ɓeraye masu zane a baya ba. Sama da mita 5,000 kuwa sai dutse da ƙanƙara.

Ƙanƙarar tana da tarihinta. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya hango dusar ƙanƙara a kan dutsen. Wani masanin labarin ƙasa a Landan, William Desborough Cooley, ya ƙaryata shi, ya dage shekara da shekaru cewa ƙanƙara ba za ta zauna kusa da ikwaita ba, shi da bai taɓa taka yankin ba. Sai a ranar 6 ga Oktoba 1889 Hans Meyer, Bajamushe, da Ludwig Purtscheller, ɗan Ostiriya, suka kai ƙololuwa, kuma a wancan lokacin sai da suka sassare matakala a jikin ƙanƙara kafin su haura bakin ramin Kibo. Yau da takalmi kawai ake bi a kan tsakuwa. Meyer ya sa wa ƙololuwar sunan sarkin Jamus. Bayan Tanganyika ta sami 'yanci a 1961 aka mai da sunan Uhuru, wato 'yanci da Swahili. Tsakanin 1912 da 2011 kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar ya tafi. Abin da ya rage gutsattsari ne masu miƙaƙƙen gefe kamar bango, wasu sun fi bene tsayi, fari da shuɗi-shuɗi a kan baƙar toka. Ba narkewa kaɗai ke cinye su ba. A wannan tsayi iska a bushe take, rana kuma tana da kaifi, sai ƙanƙarar ta riƙa bin iska kai tsaye ba tare da ta zama ruwa ba, ga shi dusar da ke sauka ba ta isa ta mayar da abin da ya tafi. Masana suna haɗa abin da bushewar yankin tun ƙarshen ƙarni na 19 da kuma ɗumamar duniya. Wanda yake son ya gan ta da idonsa kada ya yi ta ɗage tafiya.

Yanzu ga inda maganar take. A kan Uhuru, nauyin iska kusan rabin na bakin teku ne. Kason oksijin a cikin iskar bai canza ba, yana nan kashi 21 cikin 100, amma kowane numfashi rabin abin da ka saba yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Sai dai wannan aiki kwanaki yake ci, kuma ƙarfin jiki ba ya gaggauta shi. Shawarar likitocin tsaunuka ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. To duba hanyar Marangu ta kwana biyar: daren farko a Mandara, wajen mita 2,700; na biyu a Horombo, wajen 3,700; na uku a zangon Kibo, wajen 4,700; tsakar wannan daren kuma a tashi a nufi ƙololuwa. Mita 1,000 ke nan kowane dare, ninki biyu na abin da aka ce. Masu zuwa zangon gindin Everest a Nepal, wanda bai kai Uhuru tsayi ba, sukan ɗauki fiye da mako suna hawa. Wannan ne ya sa hanyar Marangu, da ake tallata ta a matsayin mafi sauƙi, take mayar da mutane da yawa gida ba su kai ba.

Saboda haka in ka tambaye ni a ina za ka sa kuɗinka, zan ce a kwanaki. Kada ka yi ƙasa da bakwai. Hanyar Machame ta kwana bakwai ko ta Lemosho ta kwana takwas sun fi, ba don tsawonsu kaɗai ba, har da yadda aka tsara su. Akwai ranar da za a haura da kai gindin wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, ka ci abincin rana kanka na sarawa, sannan a gangaro da kai Barranco, ƙasa da mita 4,000, ka kwana. Mutane sukan yi gunaguni, wai an hau an sauka a banza. Wannan ranar ce take kai su ƙololuwa bayan kwana biyu ko uku. Rongai tana tasowa daga arewa, kusa da iyakar Kenya. Ta fi bushewa, ta fi ƙarancin jama'a, amma kurminta bai kai na kudu ba. Umbwe gajera ce mai miƙewa, ba ta sabon shiga ba ce. Marangu tana da abu ɗaya da ba wadda take da shi, wato ɗakunan kwana maimakon tanti. In ita ka zaɓa, ƙara kwana a Horombo. Wanda yake da hali kuma ya fara hawa Dutsen Meru da ke kusa da Arusha, mai mita 4,566, ya yi wa jikinsa babban gata.

Kalmar da za ka fi ji daga bakin ja-gora ita ce "pole pole", wato sannu-sannu da Swahili. Zai sa ka tafiya a hankali har ka ji haushi, musamman a kwana biyun farko da kake jin ƙarfi. Bi shi. Samari majiya ƙarfi, masu wuce kowa a kurmi, su ne sau da yawa ake samu zaune a kan dutse a mita 5,000 sun dafe kai, dattijuwa kuma ta zo ta wuce su da sandarta.

Ciwon kai, rashin son abinci, tashin zuciya da rashin barci, kusan kowa yana ɗanɗana wani abu daga ciki. Wannan ana lallaɓa shi: a sha ruwa lita uku zuwa huɗu a rana, a ci abinci ko ba a so, kada a ƙara hawa in yana tsananta. Amma akwai alamun da ba a ciniki da su. Mutum ya fara tangaɗi ya kasa tafiya a miƙe, ko maganarsa ta rikice, wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne. Ya riƙa haki yana zaune ba ya komai, da tari mai kumfa, wannan ruwa ne a huhu. Dukansu suna iya kisa cikin sa'o'i, kuma maganinsu na farko sauka ne, nan take, ko da tsakar dare. Ja-gora nagari yana maƙala maka 'yar na'ura a yatsa safe da yamma ya duba oksijin ɗin jininka, ya yi maka tambayoyi. Kada ka ɓoye masa komai saboda kuɗin da ka kashe. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki sabawa, amma likitanka ne zai ce ka sha ko kada ka sha. Kuma ka gan shi tun kafin ka biya kuɗin tafiya, in kana da ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon huhu. Mai cutar sikila bai kamata ya je wannan tsayi ba sam. Wanda yake ɗauke da rabinta ma, wato AS, ya nemi shawara, domin ƙarancin oksijin yana iya taɓa saifa.

Daren ƙololuwa ba daɗi gare shi ba, gara ka sani. Daga zangon Barafu, wajen mita 4,700, ana tashi kusan sha biyun dare. Fitila a goshi, sanyi ƙasa da sifili sosai, ruwan gorarka yana daskarewa in ba ka sa ta cikin riga ba. Ba ka ganin komai sai dugadugan wanda ke gabanka, in ka ɗaga kai kuma ka ga jerin fitilu sun miƙe sama har ka kasa bambanta su da taurari. Taku ɗaya, numfashi biyu, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Awa shida ko bakwai a haka, sai gari ya fara wayewa ta bayan Mawenzi daidai lokacin da kake isa Stella Point a bakin ramin, mita 5,756. Daga nan zuwa allon Uhuru bai kai mita 150 na tashi ba, amma yakan ci kusan awa guda. Minti kaɗan za ka yi a can, a ɗauki hoto, a ce ka juya. Sannan saukowa, wadda ba wanda yake ba da labarinta: a ranar za a gangaro da kai har wajen mita 3,100 ta hanyar Mweka. Gwiwa da farcen ƙafa su ke biyan wannan bashin. Shi ya sa shirin da ya fi amfani a gida shi ne doguwar tafiya a ƙafa, hawa da sauka, cikin takalmin da za ka je da shi, ba sabo fil ba.

Ba a shiga gandun don hawa sai da ja-gora mai lasisi, ta hannun kamfanin da aka yi wa rajista. Hukumar gandayen dajin Tanzaniya, TANAPA, ce ke kula da wurin, kuma kuɗinta babban kaso ne na abin da za ka biya. A farashin 'yan shekarun nan, baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba yana biyan dala 70 kowace rana kuɗin kula da gandu, dala 50 kowane dare na tanti, dala 20 na ceto, ga haraji kashi 18 cikin 100 a kai. A tafiyar kwana bakwai wannan kaɗai ya doshi dala 1,000, ba a zo maganar abinci, mota da albashin ma'aikata ba. Riƙe wannan lissafin in kana duba farashin kamfanoni. Araha ba ta ado: kamfani ba zai iya rage kuɗin gwamnati ba, to in ya karya farashi ƙwarai, daga aljihun 'yan dako ya cire.

Su kuwa 'yan dako su ne ainihin masu hawa dutsen. Kowane baƙo ɗaya yakan sami mutum uku ko huɗu suna yi masa aiki. Za ka bar su suna naɗe tanti da safe, su wuce ka a hanya da kaya a ka, ka iso zango ka tarar sun kafa tantin sun ɗebo ruwa. Doka ta ce kada kayan da aka ɗora wa ɗan dako su wuce kilo 20, kuma ana aunawa a ƙofa. Akwai ƙungiyar KPAP da ke bin diddigin yadda kamfanoni ke biyansu da ciyar da su. Tambayi kamfanin ko yana cikin waɗanda take dubawa. Tukwici a ƙarshen tafiya ɓangare ne na abin da suke dogara da shi, saboda haka ka sa shi cikin kasafinka tun farko, kuma ka bayar a gaban kowa, ka faɗi rabon kowa, kada ka danƙa wa mutum ɗaya.

Lokaci: babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma a Nuwamba. Janairu da Fabrairu, da Yuni zuwa Oktoba, su ne watannin hawa. Daga Yuli zuwa Satumba jama'a sun fi yawa, kuma cunkoson gaskiya ne. A bangon Barranco, inda ake ɗan kama dutse da hannu, sai an yi layi. In kana neman kaɗaici, nemi Rongai ko doguwar hanyar da ke zagaya arewacin Kibo. Jirgi yana sauka a filin Kilimanjaro, tsakanin Moshi da Arusha. Tanzaniya ta hana leda tun 2019, gandun kuma ba ya barin a shiga da gorar ruwa ta roba irin ta sha-ka-yar. In daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara ka fito, riƙe katin rigakafinka. Inshorarka kuma ka tabbata ta ƙunshi tsayin mita 6,000, domin da yawa suna tsayawa ƙasa da haka.

Abu ɗaya da kada ka sa rai da shi: manyan namun daji. Akwai giwa da ɓauna a kurmin yamma da arewa, amma da wuya ka gan su. Mai son zaki da raƙumin dawa ya ƙara kwanaki ya tafi Tarangire, Ngorongoro ko Serengeti. Hoton nan kuma da kowa ya sani, giwaye a gaba, farin dutse a baya, ba a Tanzaniya ake ɗaukarsa ba, daga gandun Amboseli ne a Kenya.

In likita ya hana ka tsayi, ko kwanakin ba su samu ba, ba dole sai ƙololuwa ba. Ana yin tafiyar yini guda daga ƙofar Marangu zuwa Mandara, a ratsa kurmin gaba ɗaya, a ƙarasa bakin ramin Maundi inda ake hango filayen Kenya in gari ya yi garau, a dawo kafin magariba. Ta yamma kuma mota tana kai mutum kusa da tudun Shira, sama da mita 3,000, ya yi 'yan sa'o'i yana yawo a fili da Kibo a gabansa. Ko a waɗannan ma sai da ja-gora da kuɗin shiga na rana ɗaya, kuma a fita da wuri, domin gajimare yakan rufe dutsen tun kafin azahar.